A rufe wa tifofi tsibiran yashin Kogin Sakkwato na watanni huɗu a shekara

Da zarar damina ta ɗauke, Kogin Sakkwato kan ja baya ya bar farin yashi shimfiɗe a yankin Gusau da Furfuri da Bungudu. A lokacin ne tifofi ke sauka har tsakiyar kogin suna ɗibar yashin gini, babura na ratsawa don yanke hanya, masu wankin mota kuma su kai ababen hawa bakin ruwan da ya rage. A daidai wannan lokaci ne kuma wasu tsuntsaye ke saka ƙwai a kan yashin. Ra'ayinmu shi ne gwamnatin Zamfara ta hana ababen hawa taka wasu keɓaɓɓun tsibirai daga Janairu zuwa Afrilu, ta bar sauran wuraren a buɗe bisa tsari.

Mai karatu na iya cewa jihar da ke fama da 'yan bindiga da 'yan gudun hijira ba ta da lokacin zancen ƙwan tsuntsu. Maganar tana da nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai yashin da tsuntsun ke kwanci a kai shi ne dai yashin da manomin rani ke dogaro da shi, don haka ya kamata a fara fahimtar abin da ke faruwa a cikinsa.

Ladin kogi, ɗan tsuntsun nan mai baƙi da fari a ka da ke yawo a bakin ruwa, ba ya saƙa sheƙa a bishiya. Macen kan saka ƙwai biyu ko uku a kan yashi ta binne su. Idan rana ta yi zafi, iyayen su je su jiƙa gashin cikinsu a ruwa su dawo su sanyaya wurin. Ƙwan kan ɗauki kusan wata guda kafin ya ƙyanƙyashe, kuma ko bayan nan, in suka ji motsin haɗari, sukan lulluɓe 'ya'yan da yashi. Wannan dabara na ɓoye su daga shaho, amma ba ta da amfani a gaban tayar mota. Direba ba zai ga komai ba, ballantana ya kauce. Zakaran ƙeƙuwa ma a fili yake saka ƙwansa. Akwai kuma jajayen tsuntsayen nan masu kama fara da sauran ƙwari a sama, waɗanda ke haƙa ramuka da yawa a jikin gaɓar kogi. Idan aka yashe ƙarƙashin gaɓar ta rufta, sheƙunansu gaba ɗaya sun tafi, manomi kuma ya rasa masu rage masa fara kyauta.

Yashin kogi rumbun ruwa ne. Shi ya sa ko a tsakiyar bazara mutum zai tona rami kaɗan ya samu na sha da na dabbobi, kuma daga nan rijiyoyin fadama ke samun abin da injin ban-ruwa ke ja. Idan aka kwashe yashi fiye da abin da damina ke dawowa da shi, kogin kan zurfafa, ruwan ƙasa ya ƙara nisa, gaɓa ta riƙa zaizayewa tana cin gonaki, ginshiƙan gada su fara fitowa fili. Manyan ramukan da ake bari kuma kan cika da ruwa su zama tarko ga yara masu wanka. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa duniya na amfani da tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a kowace shekara, kuma bayan ruwa babu albarkatun ƙasa da ake kwasa kamar su.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan muhawara a bakin tekunansu. A ƙarshen 2001 Afirka ta Kudu ta hana tuƙa motocin shaƙatawa a gaɓar tekunta, in ban da masu izini na musamman. Wani baƙin tsuntsu mai jan baki da ke saka ƙwai a yashin wurin ya farfaɗo, har a 2017 aka cire shi daga jerin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu, kuma masana na lissafa dokar cikin dalilan hakan. Amurka ta bi wata hanya a gaɓar Kef Hataras ta jihar Karolina ta Arewa. A 2012 hukumar gandun dajin ƙasar ta fito da tsarin da ya tilasta karɓar lasisi, ya ware hanyoyin mota, ya rufe wasu sassa a lokacin ƙwan tsuntsaye da kunkurun ruwa. Masunta da 'yan kasuwa sun yi ta ƙorafi, daga baya aka sassauta wasu sassan tsarin, amma tushensa na nan.

Tsarin Amurka ya fi dacewa da mu, saboda wanda ke shiga kogi a Zamfara neman abinci ya kai shi. Bayan kowace tifa akwai direba da yaran mota da matasan da ke loda yashi da shebur, sannan masu buga bulo da magina da leburori. Gusau na faɗaɗa, ga mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya koro suna neman matsuguni. Duk wanda ya rufe kogin baki ɗaya zai tsadantar da gini, ya kuma bar ɗaruruwan matasa hannu rabbana a jihar da zaman banza ke da mummunan sakamako.

Zamfara ta kuma san abin da haramcin bai-ɗaya ke haifarwa. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar, ba a ɗage ba sai a Disambar 2024, kuma a tsakanin haƙar ɓoye ba ta tsaya ba. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura, talaka ya ɗanɗana kuɗarsa. Dokar da ba a iya aiwatarwa kan koma hanyar karɓar na goro a bakin hanya. A ɗaya ɓangaren, gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara sama da 400, ta nuna abin da ke biyo bayan barin haƙa ba mai sa ido.

Dokoki ma akwai su. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa ɗibar yashi na kasuwanci ƙarƙashin izinin gwamnatin tarayya, hukumar NESREA kuma tana da ƙa'idojin 2009 kan dausayi da gaɓar koguna da tafkuna. Abin da ya rage shi ne a sauko da su daga takarda zuwa bakin kogi, kuma a nan ne gwamnatin Dauda Lawal ke da rawar takawa.

Matakin farko shi ne ƙidaya. Ma'aikatar muhalli ta haɗa kai da Jami'ar Tarayya ta Gusau a bi kogin a rani guda, a gano tsibirai da gaɓoɓin da tsuntsaye ke kwanci. Masunta da manoman fadama sun san wuraren fiye da kowa. Daga nan a kafa turaku masu fenti a kewaye su, a hana mota da babur shiga tsawon watanni huɗun, a bar mai ƙafa da mai jan ruwa su wuce ta gefe. A ware wa tifofi mashiga sanannu da wuraren lodi masu nisa da gada da gonaki, a riƙa sauya su don yashi ya samu damar dawowa. Ƙungiyar direbobin tifa ta zauna a teburin da za a zana taswirar, domin dokar da mutum ya sa hannu a kai ya fi kiyaye ta. Tsaron wuraren kuma a damƙa shi ga hakimai da dagatai da sarakunan ruwa, a ɗauki matasan yankin aikin gadi da wani kaso na harajin da ake karɓa a kan kowace tifa.

Batun kuɗi bai kamata ya zama uzuri ba. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, an tsara shi ne don gyaran ƙasa da magudanan ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Zamfara na ciki. Misali ma ba sai an je Turai ba: a Dagona ta jihar Yobe an daɗe da keɓe wa tsuntsayen ruwa mafaka a dausayin Haɗeja da Nguru, inda noma da su da kiwo ke gudana a kewaye.

Rigakafi ya fi magani. Turaku da fenti da albashin 'yan gadi kaɗan ba su kai kuɗin gyaran ginshiƙin gada ɗaya ba. Muna kira ga gwamnatin jiha da masarautun Gusau da Bungudu su kammala taswirar kafin ruwa ya janye, don Janairu mai zuwa ya tarar da turakun a tsaye.