Mohammed Sule da Butulcin 'Yan Boko

A shekarar 1977 kamfanin Macmillan ya fara fitar da jerin littattafan matasa mai suna Pacesetters. Cikin na farko-farko akwai *The Undesirable Element* na Mohammed Sule, wanda aka haifa a Kano a 1957. Ya rubuta shi tun yana ɗalibin sakandare, aka buga yana da shekara 20. *The Delinquent* ya biyo baya a 1979, sai *The Infamous Act* a 1982. Daga Legas har Nairobi 'yan makaranta sun san labarin Bintu da Faruk, suna karɓar littafin hannu da hannu har bangonsa ya yage. Wani ɗan Arewa, Mohmed Tukur Garba, ya shigo jerin da labaran kisa da bincike, *The Black Temple* da *Stop Press: Murder!*

Sule ya rasu a 2007. A shekarar ce kuma gwamnatin Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan hikaya na Hausa a wata makarantar 'yammata da sunan gyaran tarbiyya. Abin kunyar shi ne shirun 'yan bokon da suka koyi karatu daga irin waɗannan littattafai. Likitoci da lauyoyi da manyan sakatarorin da suka kwana da Pacesetters da James Hadley Chase a ƙarƙashin matashi, su ne yau ke yatsina fuska idan aka ambaci littafin ban tsoro ko na 'yan fashi da Hausa, suna kiransa adabin kasuwa. Wannan butulci ne.

Hujjarsu ita ce littattafan na ɓata yara kuma ba su da zurfi. To, a duba abin da Sule ya rubuta: yarinyar da kuɗin wani alhaji ya ruɗa, da yaron da ya kangare. Wa'azi ne tsantsa, sai dai an sa shi cikin labarin da ba ya ajiyuwa. Batun zurfi kuwa, ba a fara hawa daga reshe. Yaro ba ya zama makaranci don an tilasta masa littafin jarrabawa. Yana zama ne ranar da ya ƙagu ya san abin da zai faru a shafi na gaba. Wanda ya saba cinye shafi ɗari a dare guda, shi ne gobe zai jure wa littafin shari'a ko na likitanci.

Ba tarbiyya ce ta kashe Pacesetters a Nijeriya ba, tattalin arziki ne. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, takarda da littattafan waje suka fi ƙarfin talaka. Waɗanda suka cike giɓin marubutan Hausa ne masu buga littafi da kuɗin aljihunsu. Tun kafin nan Bature Gagare ya nuna da *Ƙarshen Alewa Ƙasa* a 1982 cewa Hausa na iya ɗaukar labari mai tsayar da numfashi, daga baya su Nazir Adam Salihu da Bala Anas Babinlata suka kama zukatan matasa. Ladan da aka ba wannan zamani na marubuta shi ne wuta, da takurar Hukumar Tace Finafinai a 2008.

Wa ya yi asara? Ɗan mai hali a Nasarawa yana da littattafai a gida da intanet a hannu. Wanda aka cuta shi ne ɗalibin sakandare a Gaya ko Ajingi, ɗan manomi, wanda bayan littafin darasi ba abin da ke shiga hannunsa sai guntayen bidiyo a wayar yayansa. A cikin irin waɗannan yara wani Mohammed Sule yake zaune, kuma ba zai taɓa rubutu ba muddin bai taɓa karanta labarin da ya hana shi barci ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na Gaya da Ajingi su sa akwatin littattafan hikaya, na Hausa da na Ingilishi, a kowace sakandare, malami ya zaɓa, ɗalibi ya ara ya tafi da shi gida. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya reshen Kano ta nemi izinin fassara littattafan Sule zuwa Hausa. Ƙananan hukumomin biyu su kafa gasar gajeren labari ta 'yan sakandare da sunansa. Kuɗinta bai kai na walimar naɗin sarauta ɗaya ba. Duk wanda ya ci moriyar waɗannan littattafai yana yaro, bashi ne a wuyansa, kuma yaran nan ne masu binsa.