Irmiya 29:11 da Alƙalamin da Ke Yanke Aya

Makon nan za mu tsaya a kan aya guda da ke yawo a saƙonnin safe na WhatsApp, da kalandar ikilisiya, da wasan kwaikwayon matasa, wato Irmiya 29:11. Ana kawo ta kamar alkawari ne cewa kowa zai samu aiki, ya yi aure, ya sayi mota kafin shekara ta ƙare. Mu da ke rubuta irin waɗannan saƙonni da Hausa, ya kamata mu koma mu karanta abin da ke gabanta.

Ayar tana cikin wasiƙar da Annabi Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga Yahudawan da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila. Aya ta 10, wadda kusan ba a taɓa haɗawa da ita, ta ce sai shekara 70 ta cika kafin a komo da su. Kafin nan kuma an umarce su su gina gidaje, su yi gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa birnin da ya bautar da su addu'a. Yawancin manyan da suka ji an karanta wasiƙar a Babila za a binne su. Alkawarin gaskiya ne, amma na jama'a ne, kuma mai dogon zango.

Abin da ya fi ba mu tsoro yana sura ta 28. Akwai wani annabi a lokacin, Hananiya, wanda ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara 2 komai zai dawo daidai. Har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban jama'a. Da a yau ne, bidiyonsa ne zai fi yawo. Da sunan Ubangiji ya yi magana, kuma abin da mutane ke marmarin ji ya faɗa. Wata 2 bayan haka ya mutu. To, duk wanda ya ɗauko aya ta 11 ya jefar da ta 10, saƙon Hananiya ya sa a bakin Irmiya.

Akwai kuma matsalar fassara, wadda ta fi shafar sana'armu. Wasu juyi na Turanci sun sa kalmar da ke nufin bunƙasa, sai marubuci ya juyo ta kai tsaye ya rubuta arziki ko wadata. Kalmar Ibrananci a wurin ita ce shalom, wadda ta ƙunshi salama da lafiya da zaman kwanciyar hankali. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka sha wahalarsa, kuma an yi sabon juyi a 1979. Ba mu ga dalilin da zai sa marubucin Hausa ya fassara aya da ka daga hoton Turanci da ya gani a Facebook ba.

Mu tuna su wa ke karanta mu. Akwai 'yan'uwa daga Gwoza da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu tun 2014, wasu har yau suna gudun hijira a Kamaru. Wasiƙar Irmiya kusan tasu ce. In muka rubuta musu cewa bana za su koma, shekara ta ƙare ba su koma ba, ba mu za su tuhuma ba, Allah za su tuhuma.

Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17, Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, duk da haka kullum sai sun bincika Littattafai su ga ko haka ne. Don haka muna roƙon duk wanda zai turo mana rubutun ibada a zauren nan ya karanta surar gaba ɗaya tukuna, ya faɗi wanda ke magana da wanda ake yi wa magana, ya kuma nuna juyin da ya ɗauko ayar.