Kira ga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan Ma'aunin Rashin Aikin Yi

Ranka ya daɗe Shugaban Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

Alƙaluman hukumarku na ƙarshen shekarar 2020 sun nuna kashi 33.3 cikin ɗari na majiya ƙarfin Najeriya ba su da aikin yi. A watan Agustan 2023 kuka fitar da sabon rahoto, adadin ya koma kashi 4.1. Ba na zargin kowa da ƙarya. Na san mudun awon aka sauya, bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. Yanzu kuwa ko awa ɗaya mutum ya yi cikin kwana bakwai don samun kuɗi ko riba, ya shiga sahun masu aiki.

Kukana yana nan ne, ranka ya daɗe. Kullum da sassafe nakan wuce leburori zaune a bakin titi a Kano, kowa da shebur da diga da kwanon kwaɓa siminti a gabansa. Da mota ta rage gudu sai su miƙe gaba ɗaya, a ɗauki biyu, sauran su koma su zauna har rana ta take. Wanda ya sauke bulo ranar Talata, bai ƙara samun ko sisi ba har Juma'a, a takardarku mai aiki ne. A gidansa kuwa tukunya ba ta hau murhu ba. Talakan ƙasar nan ba ya iya zaman jiran aiki, dole ya taɓa wani abu ko ya kwana da yunwa. Rahotonku da kansa ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki suna harkokin da ba rajista, ba takardar ɗauka, ba fansho.

Don haka roƙona shi ne, duk lokacin da za a faɗi wannan ƙaramin adadi, a ɗora masa abin da mutane ke samu. A gaya mana mutum nawa ne abin da ke shiga aljihunsu a wata bai kai Naira 70,000 ba, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024. Idan ba haka ba, mai mulki zai ji kashi huɗu ya ɗauka an gama, a rage kuɗin koyar da sana'a da tallafin jari.

A kuma lura da rani da damina. Manomin da ke huɗa a watan Yuli shi ne mai ga-ruwa ko ɗan dako a birni a watan Fabrairu, ya zo cin rani. Muna son a nuna mana bambancin lokutan nan jiha-jiha. Sannan a ƙara yawan mata cikin masu bin gida-gida suna tambaya, domin namiji ba zai wuce zaure ba, alhali a cikin gida ake suyar ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da tatsar man gyaɗa, mai gida kuwa sau da yawa cewa zai yi matarsa ba ta sana'a.

Idan rahoton ya fito, a taimaka a taƙaita shi da Hausa da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo, don leburan nan da aka ƙirga ya ji abin da aka rubuta a kansa.

Allah ya yi jagora.