Fadama Ba Filin Gini Ba Ce

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wajibi ne mu yi tsawa a kan yanka fadama da bakin rafi ana raba fulotai da izinin hukuma.

Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha amana ga Gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ba da izini a karkara. Amana kuwa ba ganima ba ce. Mutanen Tozai da Isa da Sabon Birni sun sani, fadamun Bunsuru da Rima su ne rumbun talaka: shinkafa da damina, albasa da rani, ga mashayar dabbobi. Nan ne kuma masaukin ruwa idan gulbi ya kawo. In aka tare masa masauki da bulo, gidan maƙwabci zai kwana. Ambaliyar Rima ta 2010, wadda ta karya gadar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta ishe mu ishara.

Saboda haka kada a auna fili da rani a sa hannu. A jira Agusta a ga iyakar ruwa, a tambayi dattawan manoma. Gobe alƙalamin nan hannunmu zai dawo, mu kuma za a tambaya.