Yaran da Aka Mayar Gida a Kudancin Kano

A watan Fabrairun 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe ta jihar Zamfara, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta rufe makarantun kwana goma a jihar Kano. Sakandaren Kafin Maiyaki da ke Kiru tana cikinsu. Kwalejin share fagen shiga jami'a ta Tudun Wada ma an sa mata kwaɗo. Watanni kaɗan ke nan da komawar yara aji bayan dogon hutun korona. Ba a ga laifin hukuma ba, domin duk wanda ya san yadda dajin Falgore ya shimfiɗu a Doguwa da Tudun Wada ya san tsoron yana da tushe. Sai dai an ce wa yara su koma gida, ba a ce ga wanda zai koyar da su a can ba.

Karatu a gida ba sabon abu ba ne: a Amurka yara sama da miliyan ɗaya ne iyayensu ke koyar da su a gida, doka kuma ta yarda, ko da yake Jamus ta hana. Waɗannan iyaye zaɓi suka yi. Suna da littattafai da manhaja da lantarki, galibi kuma ɗayansu ya ajiye aiki don yaran kawai. Burinsu yaro ya girma yana tuna ƙuruciyarsa a gaban uwa da uba.

Mu ma wannan buri ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata. Gidan Bahaushe kuwa makaranta ne tun asali: allo a zaure da asuba, gona da hantsi, tatsuniya a ɗakin kaka bayan tuwon dare. Ka zauna da magidanci a Ƙofa ko Riruwai ya ba ka labarin yarintarsa, za ka ji tashe cikin azumi, da langa a dandali, da gasa ɗanyar masara a bakin gona, da ranar saukar Alƙur'ani da aka yanka masa rago. Irin abin da yake so ɗansa ya tuna ke nan.

To amma gandu ne ya riƙe wannan tarbiyya, gandun kuwa yana watsewa. An raba gonaki gado bayan gado har sun zama ƙanana. Da an cire amfani, maigida ya tafi cin rani Kano ko Abuja ko Ikko. Uwa tana fama da surfe da itace da goyo, kuma sau da yawa ita kanta ba a sa ta boko ba, balle ta duba littafin lissafi. Yaron da aka ce yana gida, in ka bincika, ba ya cikin gidan. Yarinya tana Kwanar Dangora da farantin talla a ka, tana ratsa tsakanin manyan motoci a titin Kano zuwa Zariya. Namiji yana korar tsuntsaye a gonar shinkafar wani. Aiki ba aibi ba ne, kowa a gona ya tashi, amma wanda ya kai shekara goma sha biyu bai iya haɗa baƙi ba, da wuya ya koma aji ɗaya da ƙannensa. Kunya kaɗai ta isa ta hana shi. Ita kuwa yarinya, da ta yi shekara guda ba ta zuwa makaranta, sai maganar aure ta taso.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ɗalibai miliyan 4.7 a ƙasa suke zama. Uban da ya leƙa irin wannan aji ya ce gara yaro ya taya shi noma, ba wauta ya yi ba, lissafi ya yi. Lissafin ne gajere. A Bebeji madatsar Tiga take, a Bagauda kuma akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, inda 'ya'yan wasu jihohi ke zuwa su kammala karatu, alhali ɗan maƙwabcin katangar bai san hanyar firamare ba.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka san kowane gida. Su ƙirga yaran da suka bar aji tun 2020 ba su koma ba, unguwa-unguwa, su miƙa wa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Malaman Islamiyya da na allo, waɗanda iyaye suka riga suka amince da su, a taimaka musu su ƙara karatun Hausa da lissafi. Limamai kuma su faɗa a kan mumbari tun kafin magidanta su watse cin rani.