Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Duk wanda ya bi ta gefen azuzuwanmu da misalin ƙarfe uku na dare a makon jarrabawa zai ga abin da zai ba shi dariya, in ya ƙara dubawa kuma ya ba shi tausayi. Ga wani ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi don kada gyangyaɗi ya sace shi, ga wani yana taunar goro kamar dattijo a wurin ɗaurin aure, ga wata ta kifa kai bisa littafi tana barci da alƙalami a hannu. Da safe waɗannan mutane ne za su shiga zauren jarrabawa idanunsu jawur, su fito suna cewa malami ya yi musu mugunta.

Ni ma na yi wannan aiki, kuma na ga sakamakonsa. A shekarata ta farko na yi dare biyu a jere ina karatu tun daga bayan isha'i har asuba, babu abin da ya shiga cikina sai garin kwaki da baƙin shayi. Da aka raba takardar tambayoyi, sai ga tambayar da na karanta amsarta sa'o'i kaɗan da suka wuce. Na tuna shafin, na tuna har da ɗigon tawadar da ke gefensa, amma abin da aka rubuta a ciki ya ɓace mini ɓat. Na faɗi. Da na je neman bayani, wani malami ya ce mini ai ba kowane kai ne aka yi domin jami'a ba, kuma na yi wata da watanni ina gaskata wannan magana. Da shekara ta zagayo na sake zama wannan jarrabawa da wannan kai nawa dai, na ci ta da kyau. Abin da ya sauya shi ne na fara shiri da wuri, na ci abinci, na yi barci.

To, 'yan'uwana ɗalibai, wannan ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, da yawa daga cikin waɗanda muke kira daƙiƙai mutane ne masu fama da yunwa, ko rashin barci, ko damuwar da ta cika musu zuciya. Mun ɗauki ƙwaƙwalwa tamkar buhu, wanda ko mai shi yana cikin wane hali za a iya ɗura masa hatsi. Alhali kuwa ita ma tsoka ce a cikin jiki, abin da ya sami jiki ya same ta.

Mu fara da ciki. Masana aikin jiki sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar baligi ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana cin kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yayin da mutum yake zaune. Watau ita ce ƙaramar baƙuwa mai babbar loma. Yanzu a dubi lissafin nan da muke yi wa junanmu raha da shi a ɗakunan kwana, wato sifiri-ɗaya-sifiri: babu karin kumallo, a ci da rana, a kwana haka. Wanda ke kan wannan lissafi, in ya shiga lacca ta ƙarfe huɗu na yamma, gangar jikinsa ce kawai ke bisa benci. Magabatanmu a wannan gwagwarmaya sun san haka. Cikin watan Afrilu na 1978 ɗaliban jami'o'in Nijeriya, a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙasa wadda Segun Okeowo ke shugabanta, sun tashi tsaye saboda ƙarin kobo 50 a kan kuɗin abincin yini, har aka yi asarar rayuka a Legas da Zariya. Mai jin labarin yau yana iya cewa kobo 50 har nawa take. Su kuwa sun fahimci cewa wanda ya taɓa kwanon ɗalibi ya taɓa karatunsa. Cikin shekarun 1980 aka janye tallafin abincin baki ɗaya, sa'an nan janye tallafin man fetur na watan Mayun 2023 ya zo ya ƙara wa kayan masarufi tsada. Ɗalibin da iyayensa ke aiko masa da tsaba daga ƙauye shi ya fi kowa sanin abin da nake faɗi.

Sai barci, wanda a nan ne laifinmu ya fi yawa, domin shi ba a sayensa da kuɗi. Mun mai da kwana zaune abin alfahari, har wanda ya kwanta ƙarfe goma sha ɗaya a makon jarrabawa ana yi masa kallon malalaci. Amma tun cikin 1924 wasu masana biyu na Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka gwada wannan al'amari. Sun sa ɗalibai biyu suna haddace jerin gaɓoɓin kalmomi goma-goma marasa ma'ana, wani lokaci su kwanta bayan haddar, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu na yini. Bayan awa takwas na barci ɗaliban kan tuna fiye da rabin abin da suka haddace, bayan awa takwas a farke kuwa da ƙyar sukan tuna ɗaya cikin goma. Binciken da ya biyo baya ya ƙara fito da dalilin: yayin barci ne ƙwaƙwalwa ke maimaita abin da ta koya da rana, tana kai shi ma'ajiyar da zai daɗe. Wanda ya yi karatu ya hana kansa barci daidai yake da magini da ya ɗora tubali bai bari laka ta bushe ba.

Bugu da ƙari, cikin 1997 wasu masana a ƙasar Ostareliya, Dawson da Reid, sun auna yadda hannu da ido ke aiki tare a jikin mutanen da aka hana barci, suka kwatanta da na waɗanda aka ba giya. Sun tarar cewa mutumin da ya yi awa 17 a farke aikinsa ya yi daidai da na wanda giya ta kai shi iyakar da ƙasashe da dama ke hana tuƙi a kanta, wanda ya yi awa 24 kuwa ya ninka haka. Ina tambaya, wane ne cikinmu zai yarda ya shiga jarrabawa a buge? Amma ga shi muna shiga cikin irin wannan hali da hannunmu, muna kiransa ƙwazo. Likitoci sun ce matashi mai shekarunmu yana bukatar barcin awa bakwai zuwa tara. Goro da kofi suna iya buɗe ido, ba sa biyan bashin barci.

Na uku shi ne halin zuciya. Ɗalibin da ya bar mahaifiyarsa kwance a asibiti, ko wanda ranar rufe biyan kuɗin makaranta ta matso bai haɗa ko rabi ba, yana iya zama awa uku gaban littafi bai wuce shafi ɗaya ba. Wurin da mutum ke riƙe abu a ransa yayin da yake tunani ƙanƙane ne, in damuwa ta zauna a ciki, darasi sai ya tsaya a waje. Cikin 2013 an buga wani bincike da aka yi kan manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya. An yi musu gwajin kaifin tunani kafin girbi, lokacin da bashi ya yi musu katutu, aka sake yi musu bayan sun sayar da rake kuɗi ya shigo. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari ƙwarai a gwaji na biyu. Ashe abin da talauci ke ci ya wuce aljihu.

A nan ina da magana da malamanmu, cikin ladabi. Akwai malamin da ranar farko zai shiga aji ya ce rabinku sai kun maimaita wannan darasi, yana ganin ta haka zai sa mu dage. Gaskiya ne ɗan fargaba yana da amfani, domin shi ke tayar da mutum daga kan katifa. Amma in ya yi yawa sai ya zama ƙulli. Ɗalibar da aka yi wa dariya ranar da ta yi tambaya da gurguwar Turanci ba za ta sake ɗaga hannu ba har ta gama, kuma abin da ba ta gane ba a wannan rana zai bi ta har zauren jarrabawa.

Yanzu kuma bari in juyo ga wani uzuri da ya yi yawa a bakinmu, wanda ni ban yarda da shi ba. Sau da yawa za ka ji ɗalibi ya ce shi da ido yake koyo, sai an zana masa, wani ya ce shi da kunne, karatun littafi ba nasa ba ne. Har a kwasa-kwasan horar da malamai an daɗe ana koyar da cewa a gano salon kowane yaro a koyar da shi ta wannan hanya. Cikin 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam su huɗu, Pashler da McDaniel da Rohrer da Bjork, suka bi diddigin binciken da aka yi kan wannan da'awa. Sun yarda cewa mutane suna da hanyar da suka fi so, amma ba su sami hujja mai ƙarfi ba cewa koyar da mutum ta hanyar da ya fi so na sa ya fi ganewa. Darasin ne ke zaɓar hanyarsa. Taswira da ido ake koyonta, furucin Larabci ko Faransanci da kunne da harshe, lissafi kuwa sai an ɗauki alƙalami an yi. Mu da yawancinmu muka fara daga makarantar allo bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Almajiri yana rubutawa da hannunsa, yana gani da idonsa, yana ji daga bakin malam, yana biyawa da ƙarfi, kuma ba ya wanke allo sai ya kawo hadda.

Wannan kawo hadda, wato rufe littafi a gwada fito da abin da ke kai, shi ne abin da muka watsar da muka zo jami'a. Cikin 2006 Roediger da Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu su karanta. Wasu suka sake karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda masu gwada kansu sun wuce su. Maimaita karatu yana da daɗi domin yana sa mutum ya ji kamar ya iya, kuma wannan jin ne ya yaudare ni ranar da na tuna ɗigon tawada na manta darasi. Tun 1885 ma Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara wuri guda. Hausawa sun riga shi da cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban ce zaɓin mutum ba shi da muhimmanci ba. Wani ya fi natsuwa bayan asuba, wani bayan la'asar, wani cikin abokai, wani shi kaɗai. Kowa ya san lokacinsa da wurinsa ya riƙe. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya mai da abin da ya fi so katanga, ya ce abin da ke bayanta ba nasa ba ne.

Na san wani zai ce iyayenmu sun yi karatu da aci-balbal, sun taka ƙasa mil da mil da yunwa, kuma sun zama mutane. Haka ne, Allah Ya saka musu. Sai dai muna ƙirga waɗanda suka haye ne kawai. Abokan karatunsu da suka fi su kai, waɗanda zazzaɓi ko yunwa ko mutuwar uba ta mayar gona, ba wanda ya rubuta sunayensu. Juriya abin yabo ce, amma ba dalili ba ce na a bar wahalar da ake iya kawarwa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa maganar abinci mai rahusa, da ruwa da wuta a ɗakunan kwana, da magani a asibitin makaranta, a sahun maganar karatu, domin can ne muhallinsu. Su roƙi hukuma ta daina jera wa ɗalibi manyan jarrabawa biyu a yini ɗaya, musamman a watannin bazara da zafi ke haura maki 40 a yawancin garuruwan Arewa, kuma ofishin ba da shawara ya zama wurin da mai damuwa zai shiga ba tare da jin kunya ba. Yayyenmu da suka fara aiki a ma'aikatun ilimi da makarantu, in yaro ya yi gyangyaɗi a aji, a tambaye shi abin da ya ci kafin a ɗauko bulala. Ku kanku masu zuwa ajin yamma bayan tashi daga ofis, ko masu shirin jarrabawar ƙarin girma, wannan magana ta shafe ku.

Mu kuma ɗalibai, abin da ke hannunmu mu yi shi. Mu fara bita tun makon farko, mu rufe littafi mu tambayi kanmu, mu kwanta daren jarrabawa. Wanda ya ga abokin ɗakinsa ya yini bai ɗora tukunya ba, ya kira shi su sa hannu tare, kada ya jira sai ya roƙa. Wanda kuma aka taɓa gaya masa cewa kansa ba na jami'a ba ne, kafin ya gaskata, ya ci ya ƙoshi, ya yi barci, ya sake gwadawa.

Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali, Ya sa mu gama lafiya, amin.