Zaɓen 1993 da tawayen arewa: bashin da ke kan rassan jam'iyyu

Duk wanda ya zauna Damagaram ko Maraɗi a farkon shekarar 1993 bai manta da ƙurar yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ba. Kowace unguwa tana da rumfar jam'iyya, kowace rumfa tana da tuta da samari masu dafa shayi har tsakar dare. Alhazai sun ba da motoci da mai, mata sun ɗaura zanen jam'iyya, ma'aikacin da ke bin gwamnati albashin watanni yana tashi daga biro ya zarce taron reshe. Kalmar «canji» ta cika bakin jama'a. A daidai wannan lokaci kuwa, a duwatsun Ayar da filayen Azawak, bindiga ce ke magana.

Rikicin ya riga zaɓen. A watan Mayu na 1990 aka zubar da jini a Cintabaraden, sojoji suka kashe Abzinawa farar hula masu yawa. Babban Taron Ƙasa na 1991 ya saurari maganar, amma bai warkar da mikin ba. Ƙungiyar FLAA ta Rhissa Ag Boula ta ɗauki makamai, hanyoyin arewa suka zama abin tsoro ga direba da fatake. A watan Agusta na 1992 ƙananan sojoji, ba tare da umurnin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cheiffou Amadou ba, suka kama Abzinawa fiye da ɗari bisa zargin haɗa baki da ƴan tawaye, cikinsu har da minista. Cikin wannan hali aka amince da tsarin mulki ran 26 ga Disamba 1992, aka zaɓi ƴan majalisa ran 14 ga Fabrairu 1993, aka yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ran 27 ga wannan wata.

Dole a yaba wa ƴan jam'iyya na ƙasa-ƙasa. Su ne suka bi gida gida suna koya wa tsofaffi yadda ake jefa ƙuri'a, bayan shekaru kusan ashirin na mulkin soja da na jam'iyya guda. Su ne suka zauna a rumfunan zaɓe suna ƙidaya da fitilar ƙwai. Da guminsu Mahamane Ousmane na CDS-Rahama, wanda ya zo na biyu a zagayen farko, ya kayar da Tandja Mamadou na MNSD-Nassara ran 27 ga Maris da kimanin kashi 54 cikin ɗari, bayan Mahamadou Issoufou na PNDS-Tarayya da Adamou Moumouni Djermakoye na ANDP-Zaman Lahiya sun mara masa baya cikin ƙawancen AFC. Mulki ya sauya hannu ta akwati, abin da Nijar ba ta taɓa gani ba tun samun ƴancin kai a 1960.

Sai dai akwai aikin da rassan suka bari. A rumfunan kudu, yaƙin arewa labari ne na rediyo. Idan ya shigo zance, sau da yawa yakan shigo ne a matsayin sandar dukan abokin hamayya: masu adawa da MNSD suna tuna wa mutane cewa Tandja ne ministan cikin gida lokacin Cintabaraden, wasu kuma suna kallon duk mai rawani da ke neman sulhu a matsayin ɗan leƙen asirin tawaye. Muhawarar da ta dace, wato rabon arzikin yuraniyom na Arlit, da ba jihohi ikon tafiyar da harkokinsu, da makomar waɗanda aka tsare ba shari'a, ta tsaya tsakanin manya a Yamai. Alhali kuwa ɗan kasuwar Maraɗi da kayansa ke bin hanyar Agadas, da malamin lakwal ɗan Tawa da aka tura aiki arewa, sun fi kowa sanin cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Za a ce wannan nauyi ya fi ƙarfin sakataren reshe wanda ko kuɗin hayar rumfa sai ya roƙa. Gaskiya ne ba shi ke sa hannu kan yarjejeniya ba. Amma jam'iyya ita ce kaɗai wurin da Bahaushe da Bazabarme da Ba'abzine da Bafillace da Babarbare ke iya riƙe kati iri ɗaya. Reshe yana iya tilasta wa ɗan takara ya faɗi a fili abin da zai yi da yaƙin kafin a ba shi ƙuri'a. Yana iya tsaya wa ɗan jam'iyyar da aka kama saboda ƙabilarsa. Yana iya neman a kai akwati har rugar makiyayi. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu rijista ne kawai suka fito a zaɓen 1993, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana masu nasara barci.

Sakamakon sakacin bai daɗe ba. Da aka gama zaɓe aka naɗe tutoci, reshe ya koma wurin jiran muƙami da kwangila. Ƙawancen AFC ya tsage a watan Satumba na 1994, lokacin da Issoufou ya sauka daga kujerar firaminista. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ran 24 ga Afrilu 1995 da taimakon Aljeriya da Burkina Faso da Faransa, a lokacin da shugaban ƙasa da firaminista Hama Amadou ke ja-in-ja kan iko. Ran 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da jamhuriya ta uku, kuma dubban da suka cika filayen taro shekaru uku baya ba su fito kare ƙuri'arsu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasin ya sake dawowa da jini a zaɓen 2020 zuwa 2021. Ran 2 ga Janairu 2021, ranar da aka bayyana sakamakon zagayen farko, ƴan bindiga suka kashe mutane wajen ɗari a ƙauyukan Tchombangou da Zaroumdareye na jihar Tillaberi. Ran 21 ga Fabrairu, ranar zagaye na biyu tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, ma'aikatan hukumar zaɓe bakwai suka rasu bayan motarsu ta taka nakiya a wannan jiha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da jam'iyyu, a watan Maris na 2025 kuma aka rushe su.

Duk ranar da aka sake buɗe fagen siyasa, ɗan kasuwar da za a zo wa da ƙoƙon bara da ma'aikacin da za a roƙa ya riƙe sakatariyar reshe suna da sharaɗin da ya kamata su gindaya. Reshe ya riƙa zama ko babu zaɓe, ya san sunayen ƴaƴansa da ke yankunan da ake faɗa, ya kuma sa ɗan takara ya amsa tambayar yaƙi da sulhu a gaban jama'a kafin a zuba masa mai a mota.